Wace hamada ce ta fi girma a duniya? Gardamar da ta tashi a zaurenmu

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masana su raba mana gardama. An yi wa su Ummi gwajin labarin ƙasa, aka tambaye su hamadar da ta fi kowace girma a duniya. Ta rubuta Sahara, malamin ya soke mata da jan biro, ya rubuta Antatika a gefe. Yarinya ta dawo gida tana ta kumbure-kumbure. Ni dai tun muna firamare Sahara muka sani. Na ce kafin in tafi makarantar gobe bari in fara jin ta bakinku.

Alhaji Mai Goro: Wa alaikumus salam. Je ka abinka Baban Ummi, yarinyarka ce da gaskiya. Antatika ba can ne ake nuna mana tsuntsayen nan masu tafiya a tsaye cikin ƙanƙara ba? Ina ƙanƙara ina hamada?

Uwar Biyu: Malaman yanzu sai addu'a.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, don Allah ka dakata da zuwan nan, malamin bai yi kuskure ba. Masana labarin ƙasa ba da zafi ko yashi suke auna hamada ba, da ruwan da ke sauka daga sama suke aunawa. Duk yankin da abin da yake samu a shekara bai kai kimanin milimita 250 ba, ko ruwa ne ko dusar ƙanƙara idan an narkar da ita, to ya shiga sahu. Tsakiyar Antatika abin da ke sauka a wurare da yawa bai kai milimita 50 ba. Agadas ma ta fi ta samun ruwan sama. Girmanta kuwa kimanin murabba'in kilomita miliyan 14 ne, Sahara kuma miliyan 9 da 'yan kai. Da tambayar ta ce hamada mai zafi, to da Ummi ta ci, don a nan babu mai kama ƙafar Sahara.

Alhaji Mai Goro: Malama, da girmanki. Ni fa na ji a rediyo cewa mafi yawan ruwan daɗi na duniyar nan a can yake a daskare. Wurin da ya fi ko'ina ruwa shi ne kuma za a ce ya fi ko'ina fari? Wannan lissafin Turawa ne kawai.

Malama Rabi: Ranka ya daɗe Alhaji, abin da ka ji gaskiya ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙanƙarar duniya tana can, kaurinta a matsakaici ya doshi kilomita 2, wani wurin ya haura 4. Amma ka duba ta nan: mutum ne da samunsa bai taka kara ya karya ba, kwabo-kwabo yake jefawa a asusu, sai dai bai taɓa fasa asusun ba tun kakannin kakanninsa. In ka ga asusun ka ce attajiri ne, alhali abin da ke shigo masa a shekara bai kai na ɗan dako ba. 'Yar dusar da ke sauka ba ta narkewa saboda sanyi, sai ta hau kan ta bara, ta bara ta hau kan ta bara waccan, shekaru dubbai ɗaruruwa. A tashar bincike ta Rasha da ake kira Bostok an auna sanyin da ya kai digiri 89.2 ƙasa da sifili a watan Yulin 1983. Iskar da ta yi sanyi haka ba ta iya ɗaukar laima, to hadarin ma daga ina zai haɗu?

Kuma akwai wasu kwaruruka a can kusa da tashar Makmado da ko ƙanƙarar babu. Tsakuwa ce da duwatsu tsirara, iska mai ƙarfi na gangarowa daga tudu tana busar da komai. Ana samun gawar dabbobin teku da suka ɓace hanya suka mutu a can shekaru aru-aru, ba su ruɓe ba, sun bushe ƙayau.

Alhaji Mai Goro: To na ji, amma ban ƙoshi ba. In ruwa yana ƙarƙashin ƙafarka ai ba ka mutu da ƙishi ba.

Injiniya Dammam: Alhaji ai a Sahara ma ruwa yana ƙarƙashin ƙafarka. Ƙarƙashin Libiya da Masar da Sudan da Cadi akwai tafkeken ruwa kwance cikin dutse, shi Gaddafi ya fara jawowa da manyan bututu tun 1984 zuwa Tarabulus da Bangazi. Bai hana wurin zama hamada ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Auwalu Ɗalibi: Malama na duba a waya yanzu, jerin da na gani ya sa Atik ta arewacin duniya a na biyu da miliyan 13 da wani abu, Sahara ta uku. Ke nan Sahara ko na biyun ma ba ta samu ba?

Malama Rabi: Haka jeri da yawa suke sawa, amma ni ba na son wannan adadin, kuma ba na tilasta wa ɗalibaina haddace shi. Antatika nahiya ce, ƙasa ce a ƙarƙashin ƙanƙarar, tana da iyaka da za ka zagaye da fensir. Atik kuwa tsakiyarta teku ne da ya daskare, sai gefe-gefen Kanada da Rasha da Alaska da tsibirin Girinlan. Kafin ka kai wancan adadin sai ka tattaro abubuwa da yawa ka ɗaure su wuri ɗaya. In jarrabawa ce ka ba su abin da ke cikin littafinsu, amma ka san cewa na ɗaya ne kawai ba a jayayya a kansa.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina dariya. Ku mutanen kudu ko Saharar ma da kuke kare wa ba ku san ta ba. Duk wanda ya zo mana daga Kano ko Zariya, da ya wuce Tanut sai ya fara leƙe ta taga yana neman tuddan yashin da ya gani a kalanda. Sai ya yi ta ganin fili shimfiɗe, baƙar tsakuwa, duwatsu, har ya gaji ya yi barci.

Uwar Biyu: To da mene ne a cikinta in ba yashi ba?

Ɗan Agadas: Hajiya, yashi mai tudu bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, wasu ma sun ce bai kai ba. Saura tsakuwa ce da falalen dutse da tsaunuka. Arewa da mu duwatsun Abzin ne, ƙololuwarsu a Bagzan ta haura mita 2,000. A Timiya cikin waɗannan duwatsu ana noman lemo da rumman da inabi, ana jan ruwa daga rijiya da raƙumi. Albasar da ake lodawa a kamiyo, wato manyan motocin kaya, daga nan tana kaiwa har Abijan. A Cadi kuma akwai Tibesti, dutsen Emi Kusi ya kai mita 3,415, tsohon dutse mai aman wuta ne, babu abin da ya kai shi tsawo a duk Sahara.

Yashin gaske sai ka yi gabas ka faɗa Tenere. Nan ne in ka tsaya ka juya ko'ina iri ɗaya ne. Na yi shekaru ina bin hanyar Dirku da Bilma. Kafin mu shiga yashi sai mun sauke iskar taya ta yi laushi, in ba haka ba mota ta nutse har gindi. In ta kafe, a sauko da faifan ƙarfe a tura ƙarƙashin taya, a haƙa da shebur, a matsa taku goma, a sake ɗaukowa a sake turawa. Bidunan ruwa, wato jarkoki, kuwa a ɗinke suke cikin buhun algarara, a jiƙa buhun a rataye a jikin mota, iska na bugawa ruwan na sanyi. Kuma wanda ya ce hamada zafi ce kawai bai kwana a Tenere cikin watan Janairu ba. Da asuba ruwan buta sai ka ji kamar zai yanke maka yatsu, wani lokaci ka tarar da samansa ya daskare.

Baban Ummi: Ikon Allah. Har yanzu ana ayarin gishirin kuwa, ko motoci sun kashe shi?

Ɗan Agadas: Ya ragu ƙwarai amma bai mutu ba. Bayan damina, wajen Oktoba, Buzaye suke tashi daga Abzin da gero, su bi ta Fashi su kai Bilma, kusan kilomita 600. Abin da mutane ba su sani ba, har abincin raƙuman sai an ɗauka, don babu ko tsinke a hanya. Damman ciyawa ake ɗaurawa, ana ajiye wasu a hanya saboda dawowa. A Bilma su sauke gero su ɗauki kantu da dabino, sannan su gangara kudu da shi, Damagaram, Tasawa, har ƙasar Kano da Katsina. Kantun da kuke ba shanu su lasa, daga can yake. Madugu ba ya riƙe da taswira, taurari yake bi da yadda iska ta kwantar da yashi.

Akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tal da ta tsaya a tsakiyar hanyar nan, har a taswira ana sa ta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita sai da aka wuce mita 30 kafin a taɓa ruwa, aka tarar saiwarta ta kai can. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin Tenere bai ga abin karo ba sai ita. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a madadinta.

Uwar Biyu: Kai, wannan direba Allah ya shirya.

Auwalu Ɗalibi: Malama, abin da ya ɗaure mini kai a taswira shi ne, Sahara da hamadar Larabawa da ta Iran da ta Indiya duk a layi ɗaya suke kamar an ja zare. A kudu ma Namib da Kalahari da ta Ostireliya layi ɗaya. Haɗuwa ce kawai?

Malama Rabi: Madalla da wannan tambaya Auwalu, ita ce ta fi ta jerin girma amfani. A tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, inda rana ta fi dukan ƙasa kai tsaye, iska na yin zafi ta tashi sama ɗauke da laima. Tana hawa tana sanyi, sai ta zubar da ruwanta a can, shi ya sa dazukan Kwango da Amazon da Indunusiya suke inda suke. Iskar da ta rage ta bushe, sai ta bazu arewa da kudu ta can sama, ta dawo ƙasa wajen digiri 20 zuwa 30 na ma'aunin taswira daga tsakiya. Iska mai saukowa ɗumi take ƙarawa, ba ta haɗa hadari. Duk ƙasar da ta faɗo ƙarƙashin wannan saukowar ta shiga uku.

Mu nan a bakin abin muke zaune. Daminarmu iska ce da ke tasowa daga tekun Gini tana turawa arewa, tana tafe tana rage kaya. Legas na samun sama da milimita 1,500 a shekara, Kano wajen 800 zuwa 900, Damagaram wajen 400, Agadas ba ta kai 200 ba, Bilma ko 20 ba ta kaiwa. In ka hau mota daga Legas ka nufi arewa, da idonka za ka ga darasin: kurmi, sai doka da kaɗanya, sai kuka da gawo, sai ƙaya, sai babu.

Auwalu Ɗalibi: Amma Gobi ba ta kan wannan layin. Ni ina Lanzhou ne a ƙasar Sin, tana arewa da mu, kuma can sama take sosai.

Malama Rabi: Ita dalilinta daban. Tunda kana kusa, ba mu labari tukuna.

Auwalu Ɗalibi: Gobi tana tsakanin arewacin Sin da kudancin Mongoliya, kimanin murabba'in kilomita miliyan 1.3, wato ta ɗan fi Nijar. Abin da malaminmu ya ce, laimar da ke tasowa daga tekun Indiya tsaunukan Himalaya da tudun Tibet ne suke tare ta, ta zube a wancan gefen. Sauran tekuna kuma sun yi mata nisa. Yawancinta tsakuwa ce kamar yadda Yaya Ɗan Agadas ya faɗa a kan tasu. Sanyin hunturu yana kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili, bazara kuma zafi ya haura 40. Raƙumansu tozo biyu gare su, ga gashi buzu-buzu, da bazara ya zube su koma kamar an yi musu aski da almakashi mara kaifi. A can ne wasu Amurkawa masu bincike suka tono ƙwayayen dabbobin nan na zamanin da, dainoso, a 1923.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani wuri da aka kai mu, Shapotou, a bakin hamadar Tengger, inda layin dogo ya ratsa yashi tun shekarun 1950. Don kada yashi ya binne layin, sai su shimfiɗa karan alkama a kan tudu, su sa shebur su danna tsakiyarsa cikin yashin, bakinsa biyu su miƙe tsaye kamar taƙi ɗaya. Haka za su yi layi-layi a tsaye da a kwance, gida-gida, kowane gida mita ɗaya. In ka hango tudun kamar an shimfiɗa masa raga. Iska in ta zo ba ta iya kwasar yashin, ƙura ta taru a gidajen, bayan 'yan shekaru saman ya yi ɓawo, ciyawa ta kama. Babu inji, mata da maza ne da shebur.

Na Maraɗi: Wanga aiki ai muna yin irinsa wajen Gure da Maine Sorowa, da rassan goruba ake kakkafa shinge gida-gida bisa tudun. Ashe har Sin.

Injiniya Dammam: Bari in sa baki a kan tamu ta nan. Hamadar Larabawa ita ke bin Sahara a masu zafi, kimanin miliyan 2.3. A cikinta akwai Rub'ul Khali, kusan murabba'in kilomita 650,000, ta taɓa Saudiyya da Oman da Daular Larabawa da Yaman. To wannan ita ce hamadar kalanda da Ɗan Agadas yake faɗa, yashi zalla, ja-ja, tudu ɗaya sai ya kai mita 200 ko fiye. Alhazanmu ba sa ganinta, don Makka da Madina suna yamma ne cikin duwatsun Hijaz. Duk faɗin Saudiyya babu kogi ɗaya mai gudu shekara cur. Ruwan da ake sha a Riyad yawancinsa daga teku aka tace shi a Jubail da Ra'asul Khair, aka turo shi ɗaruruwan kilomita a bututu. Sun taɓa cewa sai sun ci da kansu da alkama, suka yi ta zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, in kana jirgi ka ga gonaki kore zagaye-zagaye a tsakiyar yashi. Har fitar da alkama waje suka yi. Da suka ga ruwan na ƙarewa kuma ba ya dawowa, gwamnati ta janye daga shirin, aka koma saye daga waje.

Alhaji Mai Goro: Ai akwai hadisi a Sahihu Muslim cewa Alƙiyama ba za ta tsaya ba sai ƙasar Larabawa ta koma makiyaya da ƙoramu. Sadaƙa Rasulullahi.

Malama Rabi: Sallallahu alaihi wa sallam. Fassarar hadisi na bar wa malamai, Alhaji. Abin da zan iya faɗa ta ɓangarena, an samu busassun gurabun tafkuna a cikin Rub'ul Khali da ƙasusuwan dorina a ciki. Sahara ma haka. Tsakanin kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, yawancinta ciyawa ce da tafkuna. Dalilin kuwa, yadda duniya ke karkata tana zagaya rana yana sauyawa a hankali, zagaye ɗaya na ɗaukar sama da shekaru 20,000. A wancan lokacin zafin bazara ya fi ƙarfi a arewa, sai iskar damina ta riƙa kutsawa can ciki nesa da inda take tsayawa yau.

Ɗan Agadas: Wannan kam gani ya kori ji. Tsakanin Agadas da Arlit akwai wani wuri Dabus, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5, har zanen fatarsa an fitar ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi wannan aiki ya zauna da dabbar nan ya san ta. Yau ko akuya sai ta yi da gaske a wurin. A Gobero kuma cikin Tenere masu neman ƙasusuwan dainoso suka yi karo da maƙabarta a shekarar 2000, mutane ne da suka zauna bakin tafki, ga ƙugiyoyin kamun kifi na ƙashi, ga ƙasusuwan kada da dorina.

Malama Rabi: Ba sai mun je nesa ba ma. A Dufuna ta jihar Yobe wani Bafulatani yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale, tsawonsa ya haura mita 8, aka auna shekarunsa kimanin 8,000. Yana cikin mafi tsufa da aka taɓa samu a duniya. Lokacin Tafkin Cadi wani makeken ruwa ne da ya fi na yau ninkin ba ninki. Kuma wannan hazon da ke rufe mu da hunturu har jirage su kasa sauka a Kano, yawancinsa daga busasshen gindin wancan tafkin yake tasowa, wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Cadi. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi ta kwashi farar ƙurar. Wata ta sauka a kanmu, wata ta haye tekun Atlantika har Kudancin Amurka.

Uwar Biyu: Wato ƙurar da nake sharewa sau uku a rana daga Cadi take. To Allah ya isa ban ce ba.

Baban Ummi: Malama, a taswirar da ke bangon ɗakin yara Antatika wani dogon farin zane ne a ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, Girinlan kuma ta kusa kai Afirka. Yaya yaro zai gane girma da wannan?

Malama Rabi: Ba zai gane ba. Irin wannan taswirar wani mai suna Maketa ya tsara ta a 1569 saboda matuƙan jirgin ruwa, tana kumbura duk abin da ya yi kusa da ƙarshen duniya na arewa ko na kudu. Afirka murabba'in kilomita miliyan 30 ce, Girinlan miliyan 2 da kaɗan, wato sai ka zuba ta sau 14 a cikin Afirka. In da hali ka saya musu taswira mai siffar ƙwallo. In babu, ka yi musu awo da abin da suka sani. Nijeriya murabba'in kilomita 923,768 ce. Sahara Nijeriya goma ke nan, Antatika goma sha biyar, hamadar Larabawa biyu da rabi, Kalahari kusan ɗaya. Yaro ya fi riƙe wannan a kan miliyoyin da ba su da fuska.

Na Maraɗi: Malama tsaya nan ga Kalahari. Na ga hotunanta, itatuwa ne da ciyawa, har da zakuna da gada. In wagga hamada ce to mu ma Maraɗi cikin hamada muke.

Malama Rabi: Ka taɓo inda ma'aunin yake ɗingishi. Kudu maso yammacin Kalahari ya cika sharaɗi, amma arewa maso gabashinta yana samun ruwan da ya kai na Damagaram har ya fi. Abin da ya sa ake lissafa ta, yashinta mai zurfi ne, ruwa na sauka ya shanye, ba ka samun kogi ko tafki a sama. Kogin Okabango ma da ya taso daga Angola a cikinta yake ƙarewa, ya bazu ya zama fadama a Botswana, bai taɓa ganin teku ba. Ni a aji ina ce musu rabin hamada ce. Maƙwabciyarta Namib ita ce ta gaske, kuma ga ta a bakin teku.

Alhaji Mai Goro: Yau na ga ta kaina. Ɗazu hamada cikin ƙanƙara, yanzu kuma hamada a bakin teku.

Malama Rabi: Har biyu ma Alhaji, Namib da Atakama ta ƙasar Chile. Ruwan tekun da ke bin gaɓarsu daga wajen Antatika yake kwararowa, mai sanyi ne. Yana sanyaya iskar da ke kansa ta yi nauyi ta kwanta, ba ta tashi sama balle ta zama hadari. Sai dai hazo mai laima da ke shigowa da safe. Atakama kuma ga tsaunukan Andis sun tare ta ta gabas, an rufe ta gaba da baya. In ka cire Antatika babu inda ya kai ta bushewa. Garin Arika da ke can abin da yake samu a shekara bai kai milimita 1 ba a matsakaici. Mutanen wasu ƙauyuka raga suke kafawa a kan tudu, hazon ya bi ta ciki ya zama ɗigo, ya gangara cikin kwata zuwa tanki. Ba ta cikin manya a girma, amma ƙasar Chile da jan ƙarfen da ke cikinta take ci.

Auwalu Ɗalibi: To ita Saharar da gaske tana tahowa? Tun muna yara ake cewa tana cin sama da rabin kilomita kowace shekara a arewacin Nijeriya.

Malama Rabi: Ana yawan faɗin wannan adadin a taruka, amma hoton da yake sa wa mutane a kai, na bangon yashi mai tafiya kudu, shi ne ban yarda da shi ba. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna bakin Sahara yana gaba yana baya ne gwargwadon damina. A farin 1973 da na 1984 ya gangaro sosai, bayan nan wurare da yawa sun sake yin kore. Akwai inda tudun yashi ke binne gidaje da gaske, kamar wajen Yusufari a Yobe. Amma mafi yawan abin da ke cinmu ƙasa ce ke mutuwa a inda take, saboda sare itace da noma ba hutu da kiwo fiye da kima. Gona a Kazaure za ta iya lalacewa ba tare da ƙwayar yashi ɗaya ta zo daga Tenere ba.

Injiniya Dammam: Shi ya sa ake shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ai, tun 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, kusan kilomita 8,000.

Na Maraɗi: Injiniya, ban raina shirin ba, amma mu mun ga dashe iri-iri. A zo da mota da 'yan jarida a dasa dubu, a tafi, kafin wata damina awaki da rani sun gama da su. Abin da ya yi aiki wajenmu shi ne sassaben zamani, tun wajen 1984. Da can in manomi zai share gona sai ya sare duk wani toho ya ƙone, gona ta yi fes, wai shi ne manomin kirki. Ashe kututturan nan da ke cikin ƙasa ba su mutu ba, saiwarsu na nan da ranta. Yanzu in ka zo sassabe sai ka duba kowane kututture, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi da suka miƙe, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage, ka ɗaura musu ɗan tsumma don mai kiwo ya san da mai su. Shekara uku huɗu ka ga itace ya fi ka tsawo, don saiwar ta riga ta kai ga ruwa. Ba reno, ba ban ruwa, ba ko dala. Tsakanin Maraɗi da Damagaram an ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka.

Baban Ummi: Itatuwan ba sa shanye wa gero rana?

Na Maraɗi: Ya danganta da icen. Gawo shi da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi kore dabbobi su taru ƙarƙashinsa su bar taki. Je ka duba geron da ke gindin gawo ka gwada da na fili. Sabara da kalgo kuma ana rage musu rassa kowace shekara, mata su samu makamashi ba sai sun yi tafiyar yini ba. Matsalar da ta fi ita ce ɓarayin itace da dare, shi ya sa sai gari duka ya yarda an sa doka, mutum ɗaya ba ya iyawa.

Alhaji Mai Goro: Ina da gona wajen Ɗambatta da ta gaji, sabara ce kawai ke fitowa. Wane wata ya kamata a fara?

Na Maraɗi: Yanzu ma Alhaji, kafin yaranka su shiga da gatari. Ka hana su ƙone komai bana, ka zaga da kanka ka ƙirga kututturan da ke toho. In ka samu ko arba'in a hekta ɗaya sun isa a fara. Turo mini hoton gonar ta akwatina in nuna maka waɗanda za a bari.